Kanawa, Wa Ya Cike Kududdufin?

Ni Bazazzage ne. Na faɗa tun daga farko domin in hutar da masu bincike, kuma domin Bakanon da zai karanta wannan ya samu inda zai rataya fushinsa. Na san abin da za ku ce: bawanmu ya samu alƙalami, ya zo zai koya wa iyayengijinsa cin abinci. To, ranku ya daɗe, a daure a saurari bawan, don shi ne yake zuwa bayan gari da ƙafa ya ga abin da ba a gani daga cikin mota mai baƙin gilashi.

Abin ya faro ne a majalisarmu bayan sallar isha'i, cikin watan Maris, lokacin da zafi ya fara sa mutum ya yi gaba da tuwo. Wani Alhaji daga cikinmu ya yi abin kirki, ya sa aka kawo faranti guda na kwaɗon latas, an yanka tumatir da albasa, an barbaɗa ƙuli-ƙuli, mai yana ƙyalli. Hannu ya fara kai-kawo. Ni kuma da yake Allah bai hore mini iya yin shiru ba, sai na tambaya daga ina latas ɗin ya fito. Aka ce daga kasuwar 'Yankaba. Na ce kafin 'Yankaba fa? Alhaji ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Daga gona mana. Ko ku a Zariya daga sama yake faɗo muku?" Aka bushe da dariya, na taya su. Da ta lafa sai na ce, wace gona ce take kore shar wata biyar bayan ɗaukewar ruwan sama, kuma wane ruwa take sha?

Kada in yi wa manoma ƙarya. Kayan lambu da yawa da suke shigowa Kano daga Kura da Kadawa suke, inda ake ban ruwa da ruwan madatsar Tiga. Amma akwai wani kaso da bai taɓa ganin Tiga ba. Na bi Jakara da ƙafa, na gani. Ta taso daga tsakiyar birni, ta bi ta gefen Fagge da Sabon Gari, tana karɓar kyauta daga kowace kwata da kowane lambatu, can gaba ta haɗu da Getsi wadda ta ɗebo nata kason daga masana'antun Bompai, su biyu su rankaya zuwa madatsar Wasai a Minjibir. Ruwan baƙi ne wuluk, kumfa tana taruwa a inda ya yi kwana, leda ta yi wa kowane reshe rawani. A bakinsa injin ban ruwa yana ta tari, tiyo ya miƙe zuwa cikin fangali. Latas ɗin da yake cikin fangalin nan kuwa, ban taɓa ganin mai kyansa ba: ganye faffaɗa, kore har yana sheƙi, irin wanda uwargida za ta fara kai wa hannu a kasuwa. Mai lambun, wani dattijo mai fara'a, ya ce da ni, "Ɗana, wannan ruwan da kake toshe wa hanci taki ne. Wanda yake can nesa sai ya sayi buhu, ni kwata ce take kawo mini har gida." Gaskiya ya faɗa, kuma a nan tarkon yake. Ruwan yana ɗauke da abincin shuka, yana kuma ɗauke da wani baƙo da bai yi sallama ba.

Baƙon shi ne ƙarafa masu guba. Dalma, wadda take cikin batirin mota da tsohon fenti. Kadmiyam, wanda yake cikin wasu batura masu caji da wasu launuka. Kuromiyam na masana'antun jima. Zaiba. Sai tutiya da tagulla, waɗanda jiki yake buƙatar ɗan kaɗan daga cikinsu amma in sun yi yawa su zama masifa. Ba ina nufin guntun ƙarfen da za ka tsinta ka kai wa 'yan gwangwan ba. Narkakke ne a cikin ruwa, kamar yadda gishiri yake ɓacewa a cikin miya.

A nan Alhaji ya share hannu ya ce, "Kai dai Bazazzage akwai tsoro. Tun kakanninmu ake noma a bakin Jakara, ga mu nan garau." Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Amma Jakarar kakanka daban, taka daban. Majemin zamanin kakanka da bagaruwa yake jima, marinin Ƙofar Mata da baba da toka yake rini, duk abin da ya zubar ƙasa ta san shi, ta san yadda za ta cinye shi. Jimar masana'anta kuwa da gishirin kuromiyam ake yin ta, domin abin da bagaruwa za ta yi makonni tana yi, shi cikin kwana ɗaya ya gama, fatar ta fito da wani shuɗi-shuɗi. Fatar ba ta shanye gishirin duka, kusan kashi ɗaya cikin uku yana bin ruwan da aka zubar. Kakanka bai san mai fasa batir a bakin kwata yana tuttular da ruwansa ba, bai san bakanike mai juye baƙin mai a lambatu ba, bai san yaran jari-bola masu ƙona waya don su cire tagulla ba. In kakanka ya dawo yau ya ga Jakara, ba zai gane ta ba, balle ya tsaya maka shaida.

Washegari labari ya kai cikin gida, saƙo ya dawo mini daga Hajiya, uwargidan Alhaji: a gaya wa wannan mutumin Zariya ita ba ƙazama ba ce, sau uku take wanke ganye, har da gishiri, alayyahu kuwa sai ya tafasa. Hajiya, tuba nake, ban taɓa zargin kicin ɗinki ba. Ki ci gaba da wankewa, domin wankin yana kawar da ƙasa da ƙwan tsutsar ciki da wani kaso na ƙwayoyin cuta, har ma da ƙurar ƙarfen da ta zauna a bayan ganye. Sai dai wanda ya shiga ta saiwa ya hau cikin jijiyar ganyen, wannan ya zama ɗan gida. Ƙwayar cuta rai gare ta, wuta tana kashe ta. Dalma ba ta da ran da za a kashe. Ki tafasa ruwa mai dalma har ya ƙone rabi, tururi ya tafi, ita tana nan zaune a tukunya, ta ma ƙara kauri. Kuma masu faɗin ganye irin latas da alayyahu sun fi tumatir da masara kwaɗayin kadmiyam, abin haushin ke nan.

Mu koma daren kwaɗon. Akwai wani malami a majalisar, mutum mai natsuwa, shi ya kawo hujjar da ta fi ta kowa nauyi. Ya ce ai ruwa ana duba launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, in ba su sauya ba, ina laifinsa? Allah gafarta Malam, wannan ma'aunin tsarki ne, kuma ban isa in taɓa shi ba. Amma kai ma ka san tsarki daban, lafiya daban. Ruwan teku ana alwala da shi, ba a shan sa. Dalma ba ta da launi a ruwa, ba ta da wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha, kadmiyam kuwa 3. Bari in fassara muku da harshen 'yan garuwa. Ku jera jarka dubu arba'in masu cin lita 25. Ku ɗauko dalma mai nauyin dunƙulen magi biyu da rabi ku narka a cikinsu gaba ɗaya. Kun kai iyaka. Wane harshe ne zai ɗanɗano wannan? Ko na Bakano, da ya iya gane shinkafar da aka yi wa algus tun daga ƙofar shago, ba zai iya ba.

Sai wani matashi daga gefe ya ce, "To Baba, nuna mana gawa ɗaya." Irin tambayar da ake yi ke nan in ana son rufe bakin mutum. Gawa akwai, ɗana, sai dai ba a son tunawa. A 2010 a Zamfara, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma, daga dutsen zinaren da ake daka a cikin gidaje. Waccan guba ce mai yawa a lokaci guda, shi ya sa aka ga kaburbura a jere, duniya ta taso. Ta kwata ba haka take aiki ba. Kaɗan-kaɗan take shiga. Dalma ta samu ƙashi ta kwanta shekaru, a yaro kuwa ƙwaƙwalwa take taɓawa, ya taso karatu yana yi masa wuya, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Kadmiyam ƙoda yake nufa, kuma kafin jiki ya fitar da rabin abin da ya tara sai an shekara goma zuwa talatin. Babu wanda zai rubuta "latas" a takardar asibiti.

A ƙasar Jafan an ga ƙarshen irin wannan tafiya. Wata mahaƙar ma'adinai ta yi shekaru tana sakin kadmiyam a kogin Jinzu, manoman yankin Toyama suna ban ruwan shinkafa da shi. Shinkafar tana kyau, ana ci. Sai mata, yawanci waɗanda suka manyanta, suka fara ciwon ƙashi, ƙoda ta lalace, ƙashi ya yi laushi har tari kaɗai yana iya karya shi. Sunan da aka sa wa cutar, itai-itai, kukan masu ita ne, kamar mu ce wayyo-wayyo. Sai a 1968 gwamnatin ƙasar ta amince cewa daga ruwan ne. Kafin nan, na tabbata, su ma suna da Alhajinsu mai cewa tun kakanni ake ci.

Har zuwa nan majalisa tana saurare da rabin kunne. Inda aka yi mini ca shi ne da na ce akwai ma'aikacin da yake rage wannan guba kyauta, ba albashi ba yajin aiki, kuma Kanawa da hannunsu suke korar sa: fadama, da dausayi, da kududdufi mai ciyayi. Alhaji har da riƙe ciki. "Ciyawa! Jama'a ku ji Bazazzage. Abin da ya gagari injiniya shi kainuwa za ta yi?"

Alhaji, ɗebo ruwan kwata a kwalba ka ajiye a kan taga, ka dawo da safe. Za ka ga sama ya ɗan washe, ƙasa ta yi baƙin guggubi. Wannan shi ne aikin fadama na farko, kuma shi ya fi yawa. Kaso mai tsoka na ƙarafan nan ba su kaɗai suke yawo ba, a jikin ƙurar laka suke maƙale kamar kaska a jikin sa. Muddin ruwa yana gudu, laka tana tafe da kayanta. Da ya shiga cikin ciyayi masu kauri, ya rasa hanyar sauri, ya bazu, ya yi sanyin jiki, sai laka ta zauna da abin da ta goyo. Yumɓu da ruɓaɓɓen ganyen da suke ƙasan fadama su ma suna da kama, suna cafke wanda yake narke.

Aiki na biyu sai ka naɗe wando ka shiga. Ka tumɓuko kacala guda da saiwarta. Lakar da za ta biyo ta baƙa ce ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, irin warin da yake sa mai wucewa ya tofar da yawu ya ce wurin nan ya lalace. Bai lalace ba, aiki ake yi. A can ƙasa inda iska ba ta kaiwa akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, suna sarrafa sinadarin farar wuta, su ne suke fitar da wannan wari. Abin da suke fitarwa in ya gamu da dalma ko kadmiyam ko tutiya ko tagulla, sai ya ɗaure su tamau su zama wani abu da ba ya narkewa a ruwa. Ka ɗauraye saiwar kuma ka duba da kyau: za ka ga ta yi ja-ja kamar ƙusar da ta kwana a damina. Tsatsa ce ta gaske. Shukar tana tura iska daga ganye zuwa saiwa don ta numfasa a cikin taɓo, iskar ta haɗu da ƙarfen da yake cikin laka ta yi wa saiwar riga, rigar kuma ta riƙa kama sauran ƙarafa. Shi kuromiyam iri biyu ne, akwai mai sauƙi akwai mugu mai jawo ciwon daji, kuma lakar fadama tana juya mugun ya koma mai sauƙin.

Sai na uku, wanda aka fi yayatawa alhali shi ne ƙarami: ita kanta shukar tana zuƙar wani abu ta adana, yawanci a saiwa. Kainuwa, dashen Allah, tana yi da gashin saiwarta da yake reto a ruwa. Jema ma, wadda kakanninmu suke saƙa zana da ita, 'yar'uwarta ta ƙasar Indiya ta yi suna a wannan aiki a ƙasashe da dama. Ba Bazazzage ne ya ƙago zancen ba. Tun farkon shekarun 1950 wata masaniya Bajamushiya, Kete Zaidel, ta fara gwada tace ƙazamin ruwa da ciyayin fadama, kuma yau a Turai da Amurka da Sin ana gina fadama takanas saboda wannan aiki, har a bakin tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai.

In kuna ganin Turai ta yi nisa da halinmu, ga Kalkata ta Indiya, birni mai cunkoso da zafi da talauci da kwata irin tamu, har da masana'antun jima. A gabashin birnin akwai fadama da tafkuna masu faɗin hekta 12,500. Ruwan kwatar birnin can yake zuwa, ya bi ta magudanu ya shiga tafkuna marasa zurfi, rana ta dake shi, gansakuka ta ci abin da za ta ci, laka ta zauna. Masunta da manoma ne suka gano dabarar da kansu, wani injiniyan tsaftar gari mai suna Durubajoti Gosh ya zo daga baya ya fahimci abin da suke yi, ya shafe rayuwarsa yana kare wurin daga masu son cikewa su yi gini. A 2002 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. Amma ku riƙe wannan: ko a can ba a bar wa fadama kuromiyam ita kaɗai ba. A 1996 Kotun Ƙolin Indiya ta ba da umarni a kwashe masana'antun jima daga cikin birnin, aka mai da su wani wuri da ake ce wa Bantala inda aka tanadi matatar ruwansu.

Na faɗi haka ne saboda matashin nan mai neman gawa, da ya ji bayanin laka sai ya juya gaba ɗaya, ya ce, "Ashe an huta! A tura komai fadama kawai." Kai kuma ka cika sauri, ko ɗan kasuwar Kwari bai kai ka saurin rufe ciniki ba. Fadama ba ta kashe ƙarfe, don babu mai kashe shi. Ajiya take karɓa. Mai karɓar ajiya kuwa ɗakinsa yana cika, kuma in ka rushe ɗakin kaya za su fito. Ranar da aka janye ruwa lakar ta bushe, iska ta shige ta, ɗaurin nan na farar wuta yana kwancewa, ƙasar ta yi tsami, ruwan farko na damina ya kwashi gubar shekara ashirin ya yi gaba da ita. Ruwa ba ya tsami banza, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta zauna daram. Wanda ya kwashi wannan laka ya kai gona a matsayin taki, ya kai wa gonarsa ajiyar wasu. Wanda ya yanki ciyawar wurin ya ba akuya, ya sa gubar a layin da zai ƙare a tukunyarsa. Zaiba kuwa ta fi kowa rashin kunya: halittun nan da suke ɗaure dalma, su ne kuma suke juya zaiba ta zama wani nau'i da ya fi shiga jikin kifi, irin wanda ya halaka mutanen Minamata a Jafan, inda aka gano cutar a 1956. Saboda haka wanda ya ce muku fadama maganin komai ce, ku tambaye shi me yake sayarwa.

Na san kuma akwai mai karatu a Haɗeja ko Nguru da tun da ya ga na ambaci kacala da alheri ya fara harara. Yallaɓai, ina ba da haƙuri. Na san abin da ta yi muku. Tun da aka gina Tiga a 1974 da madatsar Challawa a 1992 tafiyar ruwa ta sauya, kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki. Ban ce a ƙara muku ko tushe ɗaya ba. Abin da nake cewa, tana inda ba a neman ta, ba ta inda ake neman ta. Kuma maganar ta shafe ku ta wata fuskar: ruwan masana'antun Sharaɗa da na Challawa kogin Challawa yake shiga, shi kuma ya haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa, daga nan sunansa kogin Haɗeja. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yanzu mu dawo kan tambayar da na sa a sama. Duk wanda ya girma a cikin birni ya san Kano gari ne na kududdufai. Ramukan da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa ne, damina ta cika su, kwatocin unguwa suka samu wurin hutawa kafin su wuce. Ita kanta Jakara a da fadama ce mai duhuwa, tarihin Kano ya san da kurminta. Yau fa? A fara zuba shara a gefe, a wayi gari shara ta zama tudu, tudu ya zama fili, fili ya samu takarda, sai ga shaguna hawa biyu da gilashi. Jakara kuma an ɗaure wani sashe nata da siminti, ruwa yana wucewa a guje kamar wanda aka biyo bashi, babu inda zai zauna ya sauke kayansa sai a fangalin dattijon nan mai latas. In ruwan Agusta ya shiga ɗakuna kuma a ce ikon Allah. Ikon Allah ne, amma takardar filin ba daga sama ta sauko ba.

Alhaji ya ce, "To mu zauna da sauro da wari saboda kai? Yara nawa kududdufi ya ci?" Wannan kam ka kama ni, ba zan yi musu ba. Kududdufin da aka mayar juji, ruwa ya tsaya cik babu shiga babu fita, masifa ne, kuma uwar da ta rasa ɗa a cikinsa ba ta buƙatar lacca daga gare ni. Amma tsakanin juji da shaguna akwai hanya ta uku. Ana gina fadama a shimfiɗa tsakuwa, a dasa ciyayi a kai, ruwa ya riƙa bi ta ƙarƙashin tsakuwar ba tare da ya fito fili ba. Sauro bai ga wurin yin ƙwai ba, yaro bai ga wurin nutsewa ba. A kewaye ta, a riƙa auna lakar, in ta cika a kwashe a binne inda ya dace. A sa ta a gaban masu lambu, ruwa ya ratsa ta kafin ya kai ga injinsu, maimakon yadda yake yanzu da latas ne matacin farko, cikinmu na biyu. Su kuma masu masana'anta su tace nasu tun daga gida, doka ta riga ta ce haka, hukumar NESREA tun 2007 take. Wani abin da zai ba Bakano haushi in ya ji: kuromiyam ɗin da ake zubarwa ana iya kama shi daga ruwan jima a sake amfani da shi. Da kuɗin waje aka sayo shi. Ban taɓa zaton zan ga ranar da Bakano zai zuba kuɗi a kwata yana kallo ba.

Kafin ku aiko mini da martani, na riga ku. E, na san Kubanni. Na san abin da take ɗauka daga Samaru zuwa Sabon Garin Zariya kafin ta faɗa Galma, na san lambunan da suke bakinta, na san abin da magudanun Kakuri suka yi wa kogin Kaduna. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango naku, ban musa ba. Naku dai ya fi girma ne, kamar yadda kuke cewa komai naku ya fi.

Daren nan dai an cinye kwaɗon tas, har da ni, don ba a gardama da yunwa. Amma bayan kwana uku na ji Alhaji da kunnena yana tambayar mai kayan miya daga wane gari latas ɗinsa ya zo, da ya hango ni sai ya waske ya koma zancen tsadar albasa. Alhaji, ban gani ba, ban ji ba. Ranar Asabar in Allah ya kai mu ina jiran ka da hantsi, ka sa tsohon takalmi, ka taho da kwalba guda wadda ba ka so, mu bi Jakara tare har inda ta haɗu da Getsi. Kuɗin mota ni zan biya, kada ka ce Bazazzage ya cuce ka.